Injin wanke kwanuka ya fara wari, faranti na fitowa da tsaki-tsaki: ya mutu ne?

Tambaya: Wata Hajiya daga unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi ta ce ɗanta ya sayo mata injin wanke kwanuka na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, ƙirar Bosch, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Wata huɗun farko ba ta ga abin cewa ba. Yanzu kuwa da an buɗe ƙofarsa wari ke tarbar mutum, kofunan gilashi sun yi fari-fari, faranti na fitowa da tsaki-tsaki kamar an watsa musu yashi, ruwa kuma na kwanciya a ƙasansa. Sabulun da ya zo da shi ya ƙare, har yarinyar da ke taya ta aiki ta zuba omo sau biyu. Tana son sanin ko injin ya mutu ne, ko akwai abin yi.

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, injinki bai mutu ba. Na daɗe ina gyaran firji da injin wanki a garin nan, kuma tun da injunan wanke kwanuka suka fara shiga gidaje ake kirana a kansu. Abin da kika lissafa kusan shi ne abin da kowa ke faɗa mini, kuma akasari ba na canza ko ƙusa ɗaya, wanki kawai nake yi wa injin da kansa. Amma kafin in gaya miki abin da za ki taɓa, ina so ki san abin da ke faruwa a ciki bayan kin rufe ƙofa, don duk sauran maganar daga nan take fitowa.

Injin nan ba shi da hannu, ba shi da soso. Matar da ta ƙirƙiro irinsa, Josephine Cochrane ta Amurka, wadda ta yi rajistar ƙirar tata a 1886, dabararta ke nan: a bar ƙarfin feshin ruwa ya yi aikin da soso ke yi. Kuma ba cika shi da ruwa ake yi ba kamar baho. Na zamani lita 9 zuwa 12 yake sha a wanki ɗaya gaba ɗayansa, rabin jarka mai lita 20 ke nan, kuma ba a tashi ɗaya yake jan su ba. Yakan ɗebi lita 3 ko 4, ya dumama, ya tura su ta cikin farfela guda biyu, ɗaya a ƙarƙashin kowane kwando. Ruwan ya daki kwanuka ya zubo ƙasa, ya bi ta rariya, a sake tura shi sama. Ruwa ɗaya ne ke ta zagayawa, sau ɗaruruwa, kafin a zubar da shi a ɗebo sabo. To duk abin da ya shiga ruwan nan, in rariya ba ta kama shi ba, kan farantinki zai koma. In kuwa ta kama shi aka bar shi a wurin, can zai ruɓe. Ruwa ba ya tsami banza, warin da kike ji daga nan yake.

Saboda haka rariya za mu fara da ita, wadda mu masu gyara muke ce wa filtir. Ki kashe injin, ki zare wayarsa daga bango, ki jawo kwandon ƙasa waje. A tsakiyar ƙasan za ki ga wani abu zagayayye kamar gwangwanin madara. Ki murɗa shi hagu, zai fito. A yawancin na Turai gida uku ne: mai manyan ramuka da ke kama ƙashi da tsinke, da mai ƙananan ramuka kamar rariyar tankaɗe da ke kewaye da shi, sai faffaɗan faifan ƙarfe da ke shimfiɗe a ƙasa. Ki raba su, ki jiƙa a ruwan zafi da ɗan sabulun wanke-wanke, ki goge da tsohon buroshin haƙori har sai kin ɗaga kin hango haske ta cikin ramukan. Kada a sa soson ƙarfe, yana yaga ragar. Ki ɗauraye sosai don kada sabulu ya rage a jiki. Ramin da kika ciro ta kuma ki kwashe ruwansa da soso, ki leƙa da tocila. Amma kada ki zura yatsa kai tsaye, don fasasshen gilashi can yake taruwa, na sha ganin wanda ya yanke a wurin.

Littafin da ke zuwa da injin an rubuta shi ne don kicin ɗin da ake cin burodi da dankali. Mu nan tuwo muke ci, kuma tuwo shi ne babban abokin gabar rariya. Tuwon hatsi ko na masara ko na shinkafa idan ya bushe a jikin kwano ya zama kamar danƙo. Idan ya jiƙa a cikin inji kuma ya narke ya zama koko mai kauri, ya shafe ƙananan ramukan nan. Ga ƴaƴan kuɓewa da na tattasai, ga dusar gero daga kwanon fura, ga yauƙin kuka da ke haɗa su wuri guda, ga ƙayar kifi, ga tsinken sakace, ga takardar dunƙulen miya. Duk na sha ciro su. Don haka a gidan da ake tuƙa tuwo kullum, ni ina cewa a wanke rariya duk bayan kwana 2 ko 3, kada a jira wata. Aikin minti 5 ne idan ba a bari ya taru ba. Lokacin mayar da ita ki murɗa har ta kama, alamomin kibiya biyu su dubi juna. Rariyar da ba ta zauna daidai ba ta fi wadda ba a wanke ba illa, don tana barin ƙashi ya wuce zuwa ga injin tura ruwa.

Akwai kuma yashi, wanda Maradi ba ta rasa shi. A gidajenmu an saba ajiye tukunya da kwano a ƙasa, a tsakar gida, gindinsu ya kwashi rairayi. An kuma saba goge bayan tukunya da toka da yashi. Wannan al'ada ce mai kyau ga wankin hannu, amma ga inji guba ce. Yashi ba ya narkewa, sabulu ba ya cin sa, kuma ƙananansa na ratsa rariya su shiga injin da ke juya ruwa, su riƙa cin robar da ke hana yoyo a hankali. Tsaki-tsakin da kike gani a faranti, ki murza shi tsakanin yatsu. In ya murmushe, abinci ne. In ya yi ƙaras-ƙaras, yashi ne, kuma maganinsa shi ne duk kwanon da ya taɓa ƙasa a watsa wa gindinsa ruwa kafin ya shiga. Tukunyar da aka ɗora a kan itace ko gawayi kuwa kada ta shiga ko kaɗan, baƙinta zai bi ruwan ya shafe komai.

Ba cewa nake a wanke kwano tas kafin a saka ba, in an yi haka an ɓata ruwa an ɓata lokaci. A kankare sauran abinci da cokali a zuba a shara, shi ke nan. Tukunya mai ƙanzo ce kawai ke buƙatar jiƙo tukuna, a kwashe ƙanzon da hannu.

Bayan rariya sai farfela. Ta ƙasa jan ta sama ake yi ta fito, ta sama kuma tana da ɗan murfi da ake kwancewa. Ki ɗaga kowace ki dubi ramukanta, musamman na can ƙarshen bakin, waɗanda aka karkata, don su ne ke sa ta juyawa. Ƴar kuɓewa guda ɗaya ta isa ta toshe rami, kuma idan na bakin suka toshe farfela ta tsaya cak, ruwa na dukan wuri ɗaya har a gama. Ki zungure da tsinken sakace, ki zuba ruwa ta tsakiya ki girgiza, abin da ke ciki ya fito. Kada a sa ƙusa ko allura mai kauri, ramin na buɗewa feshin ya rasa ƙarfi. Kuma duk lokacin da kika gama jera kwanuka, ki kaɗa farfela da hannu ki ga ta zagaya. Muciya ko dogon ludayi ko babban faranti kan tare ta ba a sani ba.

Sai robar bakin ƙofa da kuma ƙasan ƙofar daga ciki. Feshin ruwa ba ya kaiwa can, amma miya na ɗiga a wurin duk lokacin da ake jera kwanuka. Ki buɗe ƙofar gaba ɗaya, ki sa tsumma mai ɗumi ki bi lungun. Abin da zai fito zai ba ki mamaki, kuma rabin warin sau da yawa daga nan ne.

Yanzu maganar omo. Ina roƙonki kada a yi wa yarinyar nan faɗa, abin da ta sani ta yi, kuma manya da yawa sun yi irinsa. A zaunar da ita a nuna mata, don ita ce ke tare da injin kullum, in ta fahimce shi ita za ta riƙe miki shi. Omo da sabulun ruwa na wanke-wanke an yi su ne don su yi kumfa. Injin da ke kaɗa ruwa da ƙarfi kuwa, cokali ɗaya ya ishe shi ya cika cikinsa da kumfa. Kumfa ba ta da nauyin da za ta kankare datti, injin tura ruwa na jan iska maimakon ruwa, sannan ta tumbatso ta gangara cikin tiren da ke can ƙarƙashin injin. A tiren nan akwai wani ɗan abu mai taso kan ruwa. Da ya taso sai injin ya ɗauka yoyo ake yi, ya rufe shigar ruwa ya kama zubarwa ba tsayawa. A Bosch da Siemens wannan shi ne lambar E15 da ke fitowa a fuska. Idan kumfa ta taɓa cika shi, a kwashe da kofi, a zuba ɗan man girki cokali ɗaya don ya kwantar da ita, a sa shirin ɗauraya sau biyu.

Sabulun injin daban yake, ko na gari ko na ƙwaya, irin su Finish da Sun. Ba ya kumfa, kuma a cikinsa akwai sinadarai masu cin abinci: ɗaya na narkar da sitacin tuwo da shinkafa, ɗaya na cin nama da ƙwai. Na san samunsa a Maradi ba kullum ba ne, wani lokaci sai an yi saƙo Yamai ko Kano. Shawarata ita ce a saya da yawa idan an samu, a adana a roba mai murfi, nesa da zafi da laimar damina, don idan ya sha iska ya dunƙule ƙarfinsa na raguwa. Ranar da babu, a wanke da hannu. Na ga masu zuba kanwa, na ga masu zuba toka, wai ai duk abin wanki ne. Kanwa tana ɗauke da ƙasa da yashi, abin da muke gudu ke nan. Kuma don Allah a ɗaga ƙwayoyin nan sama inda yaro ba ya kaiwa. Kalarsu kamar alawa, amma suna ƙona baki da maƙogwaro. In yaro ya haɗiya kada a sa shi amai, a wanke masa baki a garzaya asibiti da kwalin a hannu.

Farin da ke kan kofuna kala uku ne, kuma za ki iya rarrabe su da kanki. Ki ɗauki kofi ɗaya ki goga masa lemun tsami. Idan farin ya tafi, kalkar ne, wato irin farin ɓawon nan da ke kama gindin butar dafa ruwa. Idan kin ɗanɗana kin ji gishiri, murfin gidan gishiri ne bai rufu da kyau ba. Idan kuwa lemun bai taɓa shi ba, kuma gilashin ya yi dishi-dishi kamar hazo, to gilashin ne ya cinye, wannan ba ya gyaruwa, sai dai a kare sauran ta rage sabulu da rage zafi.

Ina zaton naki na farkon ne, don wata huɗu shi ne daidai lokacin da gishirin da injin ya zo da shi zai iya ƙarewa. Mutane da yawa ba su ma san injin na shan gishiri ba. A ƙasansa, gefen rariya, akwai wani babban murfi. Ƙarƙashinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi kamar tsakin gero da ruwa ke bi ta cikinsu, su riƙe sinadarin kalsiyam da magniziyam waɗanda ke haifar da farin ɓawo. Idan suka ƙoshi ba sa ƙara kamawa, sai an wanke su da ruwan gishiri su saki abin da suka riƙe. Aikin gishirin ke nan, ba ya taɓa kwanukanki. Gidan na ɗaukar wajen kilo 1. Gishirin da ake so shi ne mai manyan ƙwayoyi da aka yi don inji, a kwalinsa za ki ga an rubuta sel régénérant. Gishirin miya an haɗa shi da aidin da abin hana dunƙulewa, na kasuwa da ake aunawa a tiya kuma da ƙasarsa yake zuwa, dukansu suna toshe gidan. Idan kin zuba, ruwa zai tumbatso, ba komai. Ki share wanda ya zube, ki ɗaure murfin tam, ki kunna gajeren shiri nan take, don gishirin da ya kwana a kan ƙarfe yana huda shi da tsatsa.

Yawan gishirin da injin zai riƙa sha kuwa saiti ne, kuma saitin da ke cikinsa na ruwan garin da ya baro ne a Turai. Ruwan Maradi daga ƙarƙashin ƙasa yake, kuma na pompo da na rijiyar burtsatsen gida ba lallai su zo ɗaya ba. Akwai ƴar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa ta canza launi, tana nuna nauyin ruwan, wato yawan kalkar da ke cikinsa. Faransawa na auna shi da digirinsu, inda digiri 1 ke nufin miligiram 10 na farar ƙasa a lita, Jamusawa kuma da nasu, wanda 1 ya kai wajen 1.8 na Faransa. A kula da wanne littafin injin ke nufi kafin a saita. In babu takardar, butar da kike dafa ruwan shayi ita ce shaida: idan gindinta na yin fari cikin ƴan makonni, ruwanki na da nauyi. Kusa da gidan sabulu a jikin ƙofa kuma akwai ƙaramin gida na ruwan ɗauraya, wanda ke sa ruwa ya zame daga gilashi kada ya bushe ya bar ɗigo. Shi ma a riƙa cika shi.

Ɓawon da ya riga ya kama ciki, asid sitrik ke cire shi, farin garin nan mai tsami da masu haɗa lemo da zoɓon sayarwa ke amfani da shi. Babban cokali 3 ko 4 a ƙasan injin, babu kwano ko ɗaya, a shirin digiri 50. Ban so a yi shi a mafi zafi, don idan ya haɗu da kalkar a ruwa mai tsananin zafi yakan koma wani farin gari mai wuyar narkewa. Sau ɗaya a wata 2 ko 3 ya isa. Binegar ma na yi, amma yawan sa shi na busar da robobi. Jabel kuwa, ruwan nan mai faranta tufafi, kada ya kusanci injin nan. Yana cin farin ƙarfen ciki, kuma idan ya haɗu da binegar ko asid yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Wannan ba maganar inji kaɗai ba ce, ko a wankin banɗaki kada a haɗa su.

Maiƙo shi ma da nasa wankin. Shirin da aka rubuta Eco yana aiki a wajen digiri 50, yana ɗaukar awa 3 ko fiye, kuma tsawon nan ba lalacewa ba ne, haka aka yi shi don ya rage shan wuta. Ya dace da kwanukan yau da kullum. Amma kitsen rago da na sa sai zafi ya kai wajen digiri 45 zuwa 50 suke narkewa, da ruwan ya ɗan huce a cikin tiyo kuma sai su daskare. Shi ya sa makon da ya biyo bayan babbar salla nake samun kira fiye da kowane lokaci. Kwanon suya da na manja a share su da takarda tukuna, a wanke a shirin digiri 65 ko 70. Sau ɗaya a wata kuma a kunna mafi zafin, injin babu komai sai sabulunsa, ya wanke hanjinsa.

Ruwan da ke kwanciya a ƙasa, idan ɗan kaɗan ne a cikin ramin rariya, daidai ne, yana hana robobi bushewa. Idan ya haura kan faifan ƙarfe, to ba ya zubarwa yadda ya kamata, kuma a irin naki lambar E24 kan fito. Bayan wanke rariya, a jawo injin a dubi tiyon baya, ko ya lanƙwashe ko an danne shi da bango. Ya kamata tiyon ya hau sama kusa da tsayin teburin kicin kafin ya gangara magudana. Na sha tarar da an shimfiɗa shi a ƙasa an zura cikin kwata, ruwan kwata da warinsa na dawowa ciki, kyankyasai na bin hanya. A cikin ramin rariya kuma akwai ɗan murfi da ke rufe fanka mai fitar da ruwa. Ƙwallon dabino ko guntun gilashi na maƙalewa a nan. In hannunki bai saba ba, wannan ki bar wa mai gyara.

Ta wajen shigowar ruwa, a daidai inda tiyo ya haɗu da pompo akwai ƴar ƙaramar raga. A rufe pompo, a kwance, a ciro ta a wanke duk wata 3, da kuma duk lokacin da ruwa ya ɗauke ya dawo da laka. Idan gidan da tankin sama yake aiki, ga lissafin da masu haɗa famfo kan manta: tsayin mita 10 ne ke ba da ƙarfin bar 1, bar ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa, injin kuma na neman aƙalla rabin bar. Tankin da ke mita 3 a saman kicin bai kai ba. Injin zai daɗe yana jan ruwa, ko ya tsaya, ko ya yi wanki da ruwan da bai isa ba. Maganinsa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, da kuma matata a kan layin, da wanke tankin kansa lokaci-lokaci.

Abin da ke kashe injunan nan kisan gaske kuwa, wanda wanki ba ya tayarwa, wuta ce. Na Turai an yi su don volt 220 zuwa 240, daidai da kuran ɗinmu. Na Amurka na volt 120 ne, kada a saya ko da an ba da shi da araha. Ƙarfen da ke dumama ruwa na jan wajen wat 2000, kusan amfiya 10. Saboda haka a ba shi soket nasa shi kaɗai a bango, da waya mai kauri, kada a haɗa shi a doguwar wayar jone tare da firji da abin dafa ruwa. Na ga soket da ya narke ya yi baƙi a bayan inji, masu gidan ba su sani ba sai da ƙauri ya tashi. Wayar ƙasa dole ce, don ga ruwa ga ƙarfe ga mace tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Gidaje da yawa a garin nan soket ɗinsu na da rami uku amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba. Idan an taɓa ƙofar an ji tana ɗan ja, a zare waya, kada a sake kunnawa sai mai wuta ya duba.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar wanki ba ta cika yin illa ba, yawancinsu na ci gaba daga inda suka tsaya. Dawowarta da ƙarfi ce ke ƙona katin da ke sarrafa injin, kuma katin nan shi ne mafi tsada da wuyar samu. A sa masa abin kariya mai jinkiri irin na firji, amma wanda zai ɗauki amfiya 16. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki wuta ta yi rauni, gara a yi wanki da sassafe. Ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu sola kuma su tabbata na'urarsu ta kai kilowat 3, su yi wankin da tsakar rana.

Sauran masu kashe kati su ne kyankyasai. Cikin ƙofar injin akwai ɗumi, akwai laima, akwai ƙamshin abinci, can suke gida, kashinsu ya haɗa wayoyin katin. Ɓera kuma na cin tiyo ta baya. Kada a fesa piya-piya ko wani maganin ƙwari a cikin inda kwanukan abinci ke shiga. A share bayan injin da ƙarƙashinsa, a sa maganin kyankyaso mai kama da man shafawa a lungunan waje, kuma kada a bar kwanuka masu datti su kwana biyu a ciki. Bayan wanki a bar ƙofar a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa biyu har ciki ya bushe, sannan a rufe, musamman da hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. In za ki yi doguwar tafiya, Umara ko aikin Hajji, ki wanke rariya, ki rufe pompo, ki zare waya, ki sa wani ya riƙa buɗe pompon, ya jona wayar, ya kunna gajeren shiri duk bayan mako biyu don kada robobin su bushe su tsage.

Kayan da ba na injin ba ne kuma sanannu ne a kicin ɗinmu: ƙwarya da akushi da muciya da ludayin duma, zafi na tsaga su. Tukunyar dalma da duk kayan alminiyam sabulun na mayar da su baƙi-baƙi. Kular abinci ruwa na shiga tsakanin bangonta. Kwanon samira da fentinsa ya ɓantare zai yi tsatsa ya shafa wa cokula. Siririyar roba a sa ta kwandon sama kawai. Wuƙa kuma bakinta ya dubi ƙasa, saboda yara.

Ga yadda nake so ki bi da naki a makon nan. Yau ki wanke rariya da farfela da bakin ƙofa, ki sa a duba tiyon baya. Idan sabulun gaske da gishiri sun samu, ki cika gidan gishiri, ki yi wankin asid sitrik, washegari ki yi mai zafi babu kwano. Sannan ki jera kwanuka kamar kullum, minti 30 da farawa ki ɗora tafin hannu a jikin ƙofa, ko ki buɗe a ƙarshe ki ga ko tururi ya taso. Idan faranti sun fito da sanyi, ko lambar E09 ta bayyana, ƙarfen dumama ruwa ne, wannan aikinmu ne. Haka idan injin na sa wutar gida ta yanke, ko kika ji ƙauri, ko E15 ta ƙi tafiya. Kafin ki kira mai gyara, ki buɗe ƙofar ki dubi gefenta ko samanta, akwai ƴar takarda mai lambobi, a na Bosch an rubuta E-Nr a gabansu. Ki ɗauki hotonta da waya ki tura masa, don da lambar nan ake neman kayan da suka dace da injinki a Yamai ko Kano.